Tambayoyinku: yaya za mu ce netwok ɗin kilaud da Hausa?

Wani ɗanmu mai aikin kwamfuta a Jidda ya aiko da tambaya, wai yana koya wa ƙannensa 'yan Makka yadda ake tsara netwok (hanyar haɗa kwamfutoci) a kilaud (kwamfutocin kamfanoni da ake haya ta intanet) da Terraform (manhajar da ake rubuta wa tsari a fayil ita kuma ta gina shi), Larabawan ofis ɗinsu suna cewa "shabaka iftiradiyya", shi da ƙannen kuma kullum sai gauraya Turanci da Larabci, to Malam mene ne Hausarsa? Kuma wace karin magana ce ta dace da wanda ya bar ƙofar saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) a buɗe har aka shigar masa?

To ɗana, Allah ya yi albarka. Kilaud dai ka ce girgije ko gajimare duk daidai ne, jam'in girgije gizagizai. Hadari ne kawai ban yarda da shi ba, don shi tafe yake da iska da tsawa.

Inda aikin yake shi ne shabaka, wato netwok. Kar ka biye wa Larabci ka ce raga ko taru, yaro zai ɗauka kamun kifi za a tafi. Abin da AWS (kilaud ɗin Amazon) ke kira VPC, Azure (na Microsoft) kuma VNet, fili ne da aka keɓe maka aka zagaye da katanga a cikin injinan wasu, saboda haka kalmomin ginin gida su suka fi kama shi, ni dai "keɓaɓɓen gida" nake cewa. Cikin abubuwan farko da kake rubutawa a fayil ɗin Terraform ai akwai shata iyaka, ka sa 10.0.0.0/16 ka samu adireshi 65,536, sai ka yayyanka shi sabnet-sabnet, wato ƙananan yankuna, kowane sabnet mai girman /24 adireshi 256 ne amma AWS na riƙe 5 saura 251 naka. Sabnet ɗin da ke fuskantar intanet shi ne zaure, baƙo na iya sallama ya tsaya nan. Wanda ba shi da hanyar waje shi ne cikin gida, irin wanda ake rubuta wa "ba shiga", can ake ajiye rumbun bayanai. Wallahi duk yaron da ya taɓa zuwa hutu Kano ko Katsina ba sai ka maimaita masa ba.

Iftiradiyya kuma, wato "virtual" da Turanci, don Allah a daina cewa "na bogi", na ga wasu na rubuta haka. Bogi yaudara ce, wannan kuwa yana aiki har kuɗi ake biya, manhaja ce kawai ta gina shi ba waya da ƙarfe ba. Ka ce "na manhaja".

Sai karin magana. Da yawa za su kawo maka "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", amma ita an fi yin ta kan saɓani tsakanin 'yan'uwa ko ma'aurata da ke ba maƙiyi dama, kuma bango da kansa yake tsagewa. Wanda ya buɗe ƙofa ta 22, wadda ake bi a sarrafa saba daga nesa, ya sa 0.0.0.0/0, wato duk duniya bisimilla, da hannunsa ya rubuta, kuma tunda fayil ɗaya ake ta maimaitawa duk inda aka gina da shi haka ƙofar za ta fito a wangale. Tasa ita ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari". Mai kutse ɓarawo ne ba musu, amma ka ce wa ƙannen naka su riƙa karanta abin da umarnin terraform plan ya nuna za a gina kafin su danna apply, wanda ke gina shi.