Dishewar Murya da Kansar Maƙogwaro: Tambayoyinku ga Likita

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne a Kumo. Mura ta kama ni, yau kwana 4 muryata a dishe. Ko kansa ce?

Amsa: Da wuya, Malam. Rage ɗaga murya, yawaita shan ruwa, kauce wa ƙurar hunturu. In ta haura mako 3 ba ta dawo ba, je a duba ka.

Tambaya: Daga Bajoga nake. Baba ya daɗe yana shan taba, wata 4 ke nan muryarsa a dishe, haɗiya na yi masa wuya. Wanzami ya cire masa beli, ba sauƙi. Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama a gwada, dangi sun hana, wai kansa ba ta son ƙarfe.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Wallahi wannan magana tana ƙona min rai. Beli a saman baki yake, jijiyoyin murya kuwa suna can ƙasa inda askar wanzami ba ta kaiwa. An zubar masa da jini a banza, an ɓata lokaci.

Gwajin nama ba ya yaɗa cutar kansa. Abin da mutane ke gani shi ne majinyacin da aka kawo a makare, in ya rasu sai a ɗora wa ƙarfe. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai zura siririyar kyamara ta hanci ya ga wurin, a ɗauki ɗan nama, a yi hoton CT don a san inda ciwon ya kai. In an kama da wuri, gashi da na'ura (wato ƙona ƙwayoyin kansar da haske na musamman) ko ƙaramar tiyata kan warkar, muryar ma ta tsira. In ya yi nisa, wani lokaci sai an cire akwatin muryar ɗungurungum, a bar ƙofar numfashi a wuya.

Taba ce babban sila, giya na ƙara haɗarin. Ya daina yau. Ku mayar da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe cikin makon nan, ki tafi da babban da dangi ke jin maganarsa. In numfashinsa ya fara yin ƙara, ko cikin dare ne, ku tafi, kada ku jira asuba.

Tambaya: Ana ɗaukar kansar maƙogwaro ta cin kwano ɗaya da mai ita?

Amsa: Sam, Hajiya. Ku ci tare. Amma duk wanda muryarsa ta dishe mako 3, ko ƙullutu ya fito masa a wuya, ya je asibiti.