Kafin ka buga ƙusa ta farko a ƙauye

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ikilisiya za ta tura ka ƙauye ka yi rufin majami'a da bencinan makaranta, ka kuma zauna a can kana taimakon aikin bishara, ga mata ga yara biyu, mutanen wurin kuma ba su da kuɗin biyan kafinta. Kana so ka san da me za ka fara.

Fara da ɗakin da iyalinka za su kwana. Na san za ka ce aikin Ubangiji ya kai ka, ba gyaran gidanka ba. Ni ma haka na ce sa'ad da aka tura ni. Wata uku ina kan rufin majami'a, ɗakinmu yana yoyo, ƙyauren ba sakata. Wata rana na dawo da yamma na tarar da mamanku ta tara kwanuka a tsakar ɗaki tana tarar ruwan sama, ƙaramin yaronmu yana fama da zazzaɓi. Ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Na haddace ayar tun ina yaro, amma sai ranar na gane da ni take.

Ka tuna abin da na koya maka game da ɗanyen katako? Idan ka haɗa shi da ruwansa, yana bushewa sai ya kantare, haɗin ya buɗe, ƙusa ta yi sako-sako. Shi ya sa muke jera shi a inuwa da tsinke a tsakani, mu bar iska ta ratsa, kusan shekara guda ga kowane inci na kauri. Iyali da suka sauya wuri su ma sai sun sha iskar wurin. Kai da safe ka ɗauki zarto da guduma ka fita, mutane suna gaishe ka, kana ganin amfanin kanka. Matarka fa? Ta bar 'yan'uwanta da ƙawayenta, rijiya da nisa, asibiti ya fi nisa, wataƙila harshen ma ba ta ji. Nauyin ƙaura a kanta yake. Kada ka ɗora mata shugabancin zumuntar mata a watan farko don kawai ita matar ma'aikaci ce.

Akwai wani mai sana'a irinmu, William Carey, mai ɗinkin takalma daga Ingila, wanda ya tafi Indiya aikin bishara a 1793. Matarsa Dorothy da farko ta ƙi tafiyar, daga baya aka shawo kanta. A 1794 ɗansu Peter mai shekara 5 ya rasu, ita kuma hankalinta ya taɓu, ba ta warke ba har ta rasu a 1807. Ana yawan ba da labarin fassarar Littafi Mai Tsarki da Carey ya yi, ba a cika ambaton Dorothy ba. Ni kuwa ita nake tunawa duk sa'ad da saurayi ya zo mini da zumuɗin tafiya. Kuma duba, sai a Disamba 1800 aka yi wa Ba'indiye na farko baftisma a aikinsu, bayan shekara bakwai. Sunansa Krishna Pal, kafinta ne ma, abin da ya fara haɗa shi da su kuwa gocewar ƙashi da likitan mishan ya gyara masa.

Batun kuɗi, kada ka yi aiki kyauta kowace rana. Talaka yana da mutunci, kyauta mai yawa kuma tana mai da shi maroƙi, kai kuma ta mai da kai bankin da zai karye. Yanka farashi kaɗan, ka karɓi abin da suka noma, ko yini guda na ɗaukar katako. Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi tare da Akila da Biriskila a Koranti. Gwauruwa da marar lafiya, waɗannan ka yi musu a ɓoye. Abincin yaranka kuwa ka ware shi tun farkon wata, domin za a yi ta ƙwanƙwasa ƙofarka, kuma yawancin masu zuwa da gaske suke.

Gyara ƙotar fartanya da ƙafar kujera kamar yadda za ka gyara bagadi. Mutanen garin suna kallon haɗinka kafin su saurari wa'azinka. Ka ɗauki yaro ɗaya na garin ka koya masa, ko daga cocinku yake ko ba daga can ba.

Gara ce za ta fi ba ka wahala. Kada katako ya taɓa ƙasa, ɗora shi kan dutse ko siminti, ka shafa masa magani kafin ka ɗaga shi sama. Ka je kai kaɗai mako biyu tukuna, ka auna ƙofar ɗakin, ka duba rijiya, ka tambayi inda ungozoma take. Ka aiko mini da awon, zan haɗa maka ƙyauren a nan kafin ka dawo ɗaukar iyalinka.