Littafin kamara: a buga a ɗinke, ko a bar shi a waya?

Malam, ka ce PDF ɗin kamararka shafi 400 ne, kana tunanin bugawa. Kada ka buga duka. Zaɓi babin saita haske, fokas da bidiyo, sauran ka bar su a waya, don a can ne za ka rubuta kalma ta fito maka nan take.

In kuwa sai dukansa kake so, je shagunan fotokwafi na wajen jami'ar ATBU a Yelwa ko na Wunti, a Bauchi. Ka ce a sa shafi biyu a kowace fuskar A4, gaba da baya. Takarda 100 ke nan. A yi da firintar lesa, domin tawadar inkjet tana jagwalewa da zarar gumi ko ruwa ya taɓa ta. A bar santimita ɗaya da rabi a gefe, in ba haka ba injin huda zai cinye rubutu. Ɗinkin spiral, wato na zobba, ya fi, yana kwanciya a buɗe kana riƙe da kamara. Na gam kuwa, zafin Afrilu kan sa takardu su riƙa zarewa.

Waya fa, a tsakar rana a Yankari da ƙyar za ka ga allonta.