Yadda ake ɗaukar sautin gangar lantarki a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa, kuma ina yi wa mawaƙan biki kiɗa. Yayana ya sayo mini gangar lantarki wadda aka taɓa amfani da ita, ƙirar Alesis, daga Kano. Duk lokacin da na ajiye wayata kusa da ita don ɗaukar abin da nake kaɗawa, ba abin da ke fitowa sai ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan roba, da kukan awaki, da ƙarar injin niƙan maƙwabtanmu. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wuta kuma sai ta janareta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gangarka lafiyarta ƙalau, hanyar ɗaukar ce ba ta dace da ita ba. Gangar fata a iska take fitar da amonta, shi ya sa ake kafa mata makirufo. Ita kuwa ta lantarki, faya-fayan da kake duka ba su da amon kirki, aikinsu kawai su sanar da ƙaramin akwatin da ke maƙale a jikin ƙarfen cewa an doki wuri kaza da ƙarfi kaza, shi kuma akwatin ya samar da sautin. Saboda haka daga akwatin za ka ja sautin ta kebul, kuma da zarar ka yi hakan awaki da injin niƙa sun fita daga lissafinka.

Hanya ta farko ita ce ɗaukar sautin kamar yadda yake. A bayan akwatin akwai ramuka biyu na fitar da sauti, na hagu da na dama. Sai ka samu katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai mashiga biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2, ka haɗa su da kebul biyu, sannan ka jona katin da kwamfuta. Ka daidaita ƙarfin shigar sautin yadda dukanka mafi ƙarfi zai tsaya wajen desibel 6 zuwa 12 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti da manhajar ɗauka ke nunawa, domin sautin da ya kai jan layi ya fashe, kuma ba ya gyaruwa.

Amma ni hanya ta biyu nake ba ka shawara, wato MIDI, tsarin da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. Yawancin gangunan Alesis da Roland da Yamaha na zamanin nan suna da ramin USB, don haka kebul ɗaya irin na firinta ya wadatar, ba sai ka sayi katin sauti ba. Abin da ke bi ta wannan kebul bayanin dukanka ne: wane faifai ka doka, a wane lokaci, da wane ƙarfi, a ma'aunin da ke ƙarewa a 127. Manhaja irin FL Studio ko Cubase ko Reaper za ta jera maka kowane duka a kan allo, ta yadda idan hannunka ya yi saurin sauka a wuri ɗaya za ka matsar da dukan nan kaɗai ba tare da ka sake kiɗan daga farko ba, idan kuma mawaƙin ya ce amon bai yi masa ba sai ka sauya shi bayan an gama. Ka lura cewa Audacity, duk da kyauta ce, sauti take ɗauka, ba ta ɗaukar MIDI.

Tsohuwar kwamfuta takan jinkirta sauti, ka doka yanzu ka ji daga baya, abin da ke rikita hannun makaɗi ƙwarai. Maganin da ba ya cin ko kwabo shi ne ka jona abin sauraronka na kunne a jikin akwatin gangar kai tsaye, ka bar kwamfuta tana rubutawa.

Batun janareta kuwa, shi ke jawo gurnanin da ake ji a ƙarƙashin kiɗa idan an bi hanya ta farko. Ka cika batirin kwamfuta, ka zare cajarta lokacin ɗauka, idan da hali ka kunna gangar da inbata mai batir ko sola, wanda hakan zai kuma kare akwatin daga hawa da saukar wuta. Ka riƙa lulluɓe gangar da zane, musamman da hunturu, don ƙura na kashe ramukan kebul.

Tun da kiɗan biki kake yi, na san za ka so amon kalangu. Za ka iya ɗora sautinsa a kan faifai ta cikin manhaja, sai dai kalangu da matsar igiyoyinsa a hammata yake magana, muryarsa tana hawa tana sauka, kuma faifan roba ba ya yin wannan. Ka fara shimfiɗa kiɗan da gangar lantarki, sannan ka kira mai kalangu na garinku ka ɗauke shi da makirufo a layi na daban, cikin ɗakin ƙasa mai katifa da labule, a lokacin da injin niƙan yake kashe.