Amsa ga mai neman shawara kan zama mataimakin mai ɗaukar hoto

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce wani mai sitidiyo a nan Kaduna ya amince ka riƙa bin sa bukukuwa, kana tambayar yadda za ka yi ka ci gaba a wurinsa, da kuma ko ya kamata ka ci bashi ka sayi kyamararka tun yanzu. Shawarata ita ce kada ka saya tukuna. Na daɗe ina riƙe wa wani jaka kafin na tsaya da ƙafata, kuma abin da na gani shi ne maigida ba ya neman wanda zai yi gasa da shi wajen danna kyamara. Yana neman wanda zai ɗauke masa duk wata hidima, domin idonsa ya tsaya a kan ango da amarya kaɗai.

Aikinka yana farawa ne tun daren jajibiri. Ka yi cajin batura duka, na kyamara da na filasha, tun da sauran wuta, domin ka san halin wutarmu. Ka ware aljihu ɗaya na katin ajiyar hotuna da ya cika, ɗaya na wanda babu komai a kansa, kada su taɓa haɗuwa. Kuma kada ka goge kati ko da an ce maka an kwashe, sai ka ga hotunan da idonka a wurare biyu, a kwamfuta da kuma wata ma'ajiyar daban. Ɗaurin aure a masallacin Sultan Bello ko na unguwa ba ya wuce 'yan mintoci, da an shafa fatiha an gama, babu wanda zai sake tara waliyyai saboda katinka ya lalace.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato lokacin hunturu, bukukuwa suna yawa, ƙura ma haka. Idan za ka canza gilashin kyamara, ka shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Ƙurar da ta shiga ciki takan fito kamar ɗigo a kan kowane hoto, musamman inda sararin sama ko farin bango ya fito, kuma wanda zai kwana yana gogewa a Lightroom, manhajar gyaran hoto, kai ne. Ka yi amfani da robar hura iska da ƙyallen da aka tanada, ban da bakin riga, ban da hurawa da baki. In an kafa fitila da lema a fili, hannunka kada ya bar sandar, domin iska kaɗan ta isa ta kayar da ita.

Haske shi ne ilimin da za ka kwasa kyauta alhali ana biyanka. Bayan sallar Juma'a rana tana tsaka, angwaye sun sha farar shadda, hula ta yi wa fuska inuwa. Idan aka bi hasken rigar fuska ta yi duhu, idan aka bi fuska aikin zaren da ke gaban rigar ya ɓace. Ka lura da yadda maigidanka yake janye mutane zuwa inuwa, ko ya cike fuskar da filasha, da dalilin da ya sa yawanci ba ya barin saurin buɗewa da rufewar kyamara ya wuce 1/200 na daƙiƙa idan filasha tana aiki. Amma ka riƙe tambayarka sai a hanyar komawa. Gyara wa maigida a gaban masu biki, ko da kai ne da gaskiya, yana zubar masa da daraja. Ka matsa kusa ka faɗa masa a kunne.

Abin da ya fi damuna da yaran yanzu shi ne rashin riƙon amana a wurin mata. Za a shigar da kai kamu ko wunin biki, cikin matan aure da 'yan mata, saboda sunan maigidanka kawai. Ka yi sallama, ka jira izini, ka sa tufafi na mutunci, ka bar wayarka a aljihu. Na san yaron da ya ɗora hoton amarya a Instagram kafin dangin miji su gani, kuma daga ranar gidan nan da duk danginsu suka daina kiran sitidiyon. Haka nan kada ka ba baƙi lambarka da nufin janye masu ciniki, garin nan ƙarami ne a wannan sana'a, maganar za ta koma kunnensa.

Batun kuɗi kuwa, ku yi shi a fili tun farko cikin ladabi: nawa ne na kowane fita, wa zai biya kuɗin mota idan aikin ya kai ku Zariya ko Kafanchan, kuma ko an yarda ka nuna wasu hotunan da ka ɗauka a matsayin aikinka. Idan ya fara miƙa maka kyamara ta biyu ya ce ka ɗauki 'yan uwa da abokan ango, to lokacin ne za ka fara tara kuɗi, kuma ka sayi irin tasa, Canon ce ko Nikon ko Sony, domin ku iya musayar gilashi da batir a wurin aiki.