Fim nuwar da Hausarmu ta Yawunde

Ɗan'uwa, ka tambaye ni me nake nufi da "fim nuwar", har ka ɗora da cewa mu Hausawan Kamaru Faransanci ya cinye mana harshe. Bari in fara da kalmar, zancen cin harshe yana tafe.

Nuwar da Faransanci baƙi ke nan, amma ba fim ɗin baƙar fata ake nufi ba, kamar yadda ka zata. Wani mai sharhin finafinai a Faransa, Nino Frank, shi ya raɗa sunan a 1946, sa'ad da finafinan Amurka waɗanda yaƙi ya tare suka iso Faris. Labaran duk na kisa ne da cin amana: mai binciken sirri da taba a baki, kyakkyawar mace mai jan namiji zuwa halaka, titi jiƙe sharkaf cikin dare, fuska rabi a haske rabi a inuwa. Shi kansa jarumin hannunsa da datti, kuma da wuya a rabu lafiya. Wasu masu ba da umarnin, irin su Fritz Lang da Billy Wilder, zuwan Hitler mulki ne ya kore su daga Jamus, suka ƙarasa Amurka da salon haskensu.

Ni dai a bakin marigayi Baba na fara jin kalmar. Mai tsire ne a Briketeri, unguwarmu, bai yi boko ba, amma silima Abbia ta san ƙafarsa kafin a rufe ta a 2009. In an ɗauke wuta muka kunna aci-bal-bal, inuwar ƙarafan taga ta kwanta a bango layi-layi, sai ya kalli Inna ya ce, "To, yau nuwar za mu kalla, saura a gano wanda ya cinye naman miya." Har yau in baƙo ya zo da dare yana raɗa a zaure, haka ƙannena ke cewa. A kasuwa kuwa in ka ji an ce wane yana aiki a nuwar, ba silima a ciki, aiki ne ba takarda ba haraji.

To, ku da kuke cewa fim da mota da asibiti, wa ya taɓa cire ku daga Hausawa? Aron Ingilishi halal, na Faransanci ne haram? Matata 'yar ƙabilar Ewondo ce, mutanen yankin Yawunde, na sani wannan ma yana cikin abin da kuke ƙus-ƙus a kai. 'Ya'yanmu da Hausa suke gaida kakarsu, a durƙushe, kuma allo suka fara riƙewa kafin littafin lekol, wato makarantar boko a aron Faransanci.

Bara da na je biki Kano, na ce lekol ɗin nan a gaban kawuna, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da dariyar ta lafa, ɗansa ya juyo ya tambaye ni ko yaran sun gama firamare.