Me ya sa zanena yake cakuɗewa alhali launukan suna da kyau?

Tambaya: Ina koyon zane da tsara fosta a kwamfuta. Ina zaɓen launuka masu kyau, amma idan na gama sai in ga aikin ya cakuɗe, ido bai san inda zai sauka ba. Ina jin ana maganar ginshiƙan zane da ƙa'idojinsa. Mene ne bambancinsu, kuma a ina nake kuskure?

Amsa: Malam, ginshiƙan zane su ne kayan aikin da kowane mai zane yake da su a hannu: layi, siffa, launi, haske da duhu, laushi ko kaushin fuskar abu, da kuma sarari. Ƙa'idoji kuwa su ne yadda ake sarrafa waɗannan kaya domin a ja idon mai kallo zuwa inda ake so, wato daidaito, bambanci, maimaici, gwargwado, da fifita abu ɗaya a kan sauran. Daga bayaninka, kayan aikin suna hannunka. Sarrafa su ne ya rage.

Abin da nake zargi da farko shi ne haske da duhu, domin shi ne ginshiƙin da masu koyo suka fi mantawa da shi. Ja da kore launuka ne mabambanta, amma idan duhunsu ya zo ɗaya, to rubutun ja a kan kore zai yi wuyar karantawa, domin ido yana rarrabe siffofi ne da bambancin haske fiye da bambancin launi. Ka mayar da fostarka baƙi da fari a kwamfuta, ko ka ɗan runtse ido ka kalle ta daga nesa. Idan komai ya narke ya zama toka-toka iri ɗaya, to ka ga inda gizo yake saƙa. Manyan masu zane na ƙarni na 17, irin su Caravaggio a Italiya da Rembrandt a Holan, da wannan suka yi fice: sukan nutsar da yawancin hoton cikin duhu, su bar haske a kan fuska ko hannu kaɗai.

Shi kansa launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana sauya shi. Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai da aka ba shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris a 1824, ya sami ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya ga rinin ba shi da aibu. Shuɗi da shunayyan da ke kewaye da baƙin su ne suke sauya yadda ido yake ganinsa. A 1839 ya wallafa bayanin wannan lamari. Saboda haka launin da ya burge ka a akwatin zaɓen launuka na kwamfuta yana iya mutuwa da zarar ka ajiye shi kusa da wani.

Sai batun fifiko. Idan take, hoto, kwanan wata da tambari duk suna da girma ɗaya, kowanne yana ɗaga murya, ba a jin ko ɗaya. Ka yanke shawarar abin da kake so a fara gani, ka ƙara masa girma, ka ƙanƙantar da sauran, sannan ka bar masa sarari a kewaye, ko da zuciyarka tana raya maka cewa filin da ba komai asara ne. Salon rubutu biyu ya isa fosta ɗaya.

Za ka ji ana kambama wani ma'auni da ake kira na zinariya, wato tsawon abu ya ninka faɗinsa sau wajen 1.618, kamar shi ne sirrin kyau. A ganina an wuce gona da iri a kansa, kuma ba zai ceci zanen da haskensa da duhunsa suka rikice ba. Kafin ka taɓa launi a aikinka na gaba, ka yi ƙaramin zanen gwaji da fensir, da baƙi, toka da fari kawai, ka ga ko ido yana sauka inda ka nufa.